KARATUN INJINIYA: KO WAHALARSA ZA TA BIYA 'YA'YANMU?



Akwai wata tambaya da take yawo a gidajenmu na Bunkure, Kura da Garun Malam duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito. Yaro ya ci lissafi da kimiyya, ya ce shi injiniya yake so ya karanta. Uba ya dubi rumbunsa, ya dubi ƙannen yaron, ya kuma tuna da wane ɗan gidan wane da ya gama jami'a amma yana tuƙa Adaidaita Sahu a birni. Sai ya ce, "Anya wannan karatu zai biya kuwa?" Tambayar ba ta rashin bangaskiya ba ce, tambayar mai hankali ce. Amsarmu ita ce karatun yana biya, amma ba ga kowane yaro ba, kuma ba ta hanyar da yawancinmu muke zato ba.

Bari mu fara da wahalar, gama bai kamata mu ɓoye wa kowa ita ba. Kafin a ɗauki yaro sai ya sami kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, sa'an nan ya ci JAMB da maki mai kyau. Digirin injiniya shekara biyar ne, ba huɗu ba kamar yawancin sauran fannoni. A shekara ta huɗu ɗalibi yakan yi wata shida a wata ma'aikata yana koyon aiki, sau da yawa kuwa iyaye ne za su ci gaba da ciyar da shi a can. In ya gama sai bautar ƙasa. Bayan wannan ma hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin kula da sana'ar, ba ta yi wa mutum rajistar cikakken injiniya sai ya yi shekaru huɗu yana aiki a ƙarƙashin na gaba da shi. Idan an haɗa, tafiyar takan kai shekara tara zuwa goma. Wannan kuwa in ba a yi yajin aiki ba ke nan. A 2020 malaman jami'a sun yi kusan wata tara ba aiki, a 2022 kuma suka yi wata takwas. Tun daga 2023 jami'o'i da yawa sun ƙara kuɗin rajista, kuɗin mota da na abinci kuwa kowa shaida ne.

A cikin waɗannan shekaru, sa'ansa da ya koyi gyaran injin ban ruwa a bakin kasuwa ya riga ya buɗe shago, wataƙila har ya yi aure. Gonar uba kuma ta rasa hannu ɗaya a lokacin dashe da girbi. Duk wanda ya ce wannan ba hasara ba ce bai taɓa biyan 'yan ƙwadago ba.

To, me ya sa duk da haka muke cewa yana biya? Mu dubi ƙasar da muke zaune a kanta. Ruwan da muke noman rani da shi ba daga sama yake saukowa a watan Fabrairu ba. Daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma gina ta domin ta riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga can yake bin babbar hanyar ruwa, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya shiga ƙananan magudanai har ya iso bakin fegin manomi. A duk wannan tafiya ba inji ne yake tura shi ba, gangara ce kawai. Wani ne ya zauna ya auna tudu da kwari, ya lissafa yadda kowace magudana za ta karkata, ba sosai ba har ruwa ya cinye ƙasa, ba kaɗan ba har ya tsaya ya tara laka. An tsara kashin farko na shirin ya shayar da hekta 22,000, tun 1976 kuma Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ta samu. Shinkafar Kura, tumatirin Kwanar Gafan, alkama da albasar da muke biyan kuɗin makaranta da su, duk a kan wannan lissafi suke tsaye. Amma injiniyoyin da suka yi binciken shirin daga Holan aka ɗauko su. Shekara hamsin ke nan muna shan ruwan. Ashe bai isa a ce 'ya'yan masu shan ruwan suna cikin masu kula da shi ba?

Aikin kuwa bai ƙare ba, ba zai ƙare ba ma. Laka tana cika magudanai, ciyawar kachalla tana toshe su, ƙofofin ruwa suna tsatsa, manomin da yake can ƙarshen layi yana kuka ruwa bai iso gare shi ba. Wannan ne ya sa a 2014 Bankin Duniya ya amince da kimanin dala miliyan 495 domin shirin TRIMING, wanda ya gyara manyan wuraren noman rani na Arewa, har da namu da na Bakolori. Abin da aka gyara kuwa zai sake neman gyara. Dattawanmu ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba, yara kuma sun ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle. Mu da muke kwana a ƙasan Tiga, ranmu yana hannun Allah, amma Allah yakan yi amfani da idon mai dubawa da ya san aikinsa.

Ga kuma abin da yake faruwa bayan girbi. Kowace shekara kwandunan tumatir suna ruɓewa a bakin hanya in kasuwa ta cika. An buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, amma ta sha tsayawa domin ba ta samun isasshen tumatir a kan kari. Wannan ya nuna mana cewa babban inji shi kaɗai ba ya warware matsala. Ana bukatar masu iya ƙera ƙananan na'urorin busarwa, ɗakunan sanyi, da injinan casar shinkafa da ba sa karya ƙwaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, manoman da suke jan ruwa da inji sun fara komawa ga famfo mai aiki da hasken rana. Wa zai auna musu, ya haɗa, ya gyara?

A nan ne bambancin makaniki da injiniya yake, kuma dukansu muna bukatarsu. Makaniki yana gyara injin da ya lalace. Injiniya yana faɗin irin injin da ya kamata a saya tun farko. Ga misali: ruwa mai zurfin milimita 1 a kan hekta guda lita 10,000 ne. Idan shuka tana bukatar milimita 6 a rana, lita 60,000 ke nan, wato duro 300 na mai cin lita 200. Daga wannan ne ake sanin girman famfo, faɗin bututu da yawan faifan sola, bayan an duba zurfin rijiya. Manomin da ba shi da mai yi masa wannan lissafi yakan sayi wanda ya yi masa kaɗan shukarsa ta ƙone, ko wanda ya yi masa yawa kuɗinsa ya tafi a banza.

Inda muke ganin ana yawan tuntuɓe shi ne ɗaukar takardar digiri kamar tikitin shiga ofis. Mu da muke tsiraru a wannan yanki mun san fargabar da take zukatan iyaye: yaro ya gama, ba mu da kowa a sama da zai kama masa hannu. Ba za mu ce fargabar ba ta da dalili ba, gama guraben aikin gwamnati kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. Amma daidai wannan ne ya sa karatun injiniya ya fi wasu dacewa da mu. Aiki ne da ake gani da ido: ko ruwa ya hau ko bai hau ba, ko wuta ta kama ko ba ta kama ba. Mai injin casa da aikinsa ya tsaya a tsakiyar kaka ba ya tambayar sunan kakan wanda zai tashe shi. In kuwa yaronmu ya yi aiki da gaskiya, bai ha'inci maƙwabci a kan siminti ko waya ba, ya yi wa'azin da ya fi namu nisa.

Sai dai akwai sharuɗɗa, muna roƙon iyaye su saurara.

Na farko, kada a tilasta wa yaro domin a ji daɗin kiran "Injiniya" a gidan biki. Wanda lissafi yake ba shi ciwon kai tun yana sakandare zai sha azaba, wataƙila a sallame shi a shekara ta biyu bayan an sayar da sa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Irin wannan yaro yana da hanyoyi masu daraja: difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da take Dambatta, ko koyon sana'a a wurin gwani.

Na biyu, a zaɓi fanni da ido a buɗe. Injiniyan aikin gona, na ruwa, na gine-gine da hanyoyi, na lantarki da na injuna duk suna da abin yi a ƙofar gidanmu. Ba sai an tafi nesa ba: ga Jami'ar Bayero a Kano, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da ta fara a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda cibiyarta ta binciken aikin gona take da tasha a Kadawa.

Na uku, ɗalibi ya sa hannu a baƙin mai. Ɗakunan gwaji na jami'o'inmu ba su wadatar da kowa ba. Saboda haka duk hutu, har da na yajin aiki, ya tafi wurin mai walda, ko mai haɗa sola, ko mai haƙa rijiyar burtsatse, ya durƙusa ya koya ba tare da girman kai ba. Wanda ya fito da takarda da kuma hannu ba zai zauna jiran aiki ba.

Na huɗu, kada a ware 'yan mata. Sau nawa yarinya ce take zuwa ta ɗaya a lissafi, amma sai a ce ta yi haƙuri a tura ɗan'uwanta? Muna roƙon Zumuntar Mata ta tsaya a kan wannan.

Ga dattawa kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin yaranmu ba a jami'a suke faɗuwa ba, tun a ƙaramar sakandare lissafi yake kuɓuce musu. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowace ikilisiya tana da malamin makaranta ko mai bautar ƙasa da zai iya koyar da lissafi ranar Asabar, benci da allo kuwa muna da su. Lokacin godiyar kaka, a keɓe wasu buhuna domin asusun ɗalibai, a sa amintattu biyu ko uku su riƙe, a riƙa karanta rahoto a gaban jama'a. A kuma sanar da iyaye bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Ba ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, amma bashi bashi ne, a zauna da yaro a fahimtar da shi kafin ya karɓa.

Saboda haka, uban da ɗansa ko 'yarsa ta zo da wannan buri, kada ya amsa da "to" ko "a'a" nan take. Ya kira malamin lissafin yaron ya ji gaskiya. Ya kai maganar gaban dattawa a san abin da gida zai iya da abin da ikilisiya za ta cika. In yaron yana da kan karatun, yana kuma shirye ya ɓata hannunsa, a sallame shi da addu'a da guzuri.

Ubangiji ya ba mu hikimar bi da 'ya'yanmu. Amin.