Suna Ake Saye, Ba Kati Ba

A watan Satumba na 2025 kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da sabon rukunin katunan wasan Magic: The Gathering, wanda aka gina kan jarumin Marvel, Spider-Man. Tun kafin fitowarsu 'yan wasa ke ɗokin katin The Soul Stone, kai ka ce watan Sallah ake duba.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka yi a Arena, manhajar wasan ta kwamfuta. Can ba a yi amfani da sunayen Marvel ba; an sauya wa katunan suna da zane, aka kira rukunin Through the Omenpaths. Ƙa'idar kowane kati na nan daram, ƙarfinsa bai ragu ba, amma da dama suka yi ta ƙorafi. Ashe sunan ake so.

Damuwata ita ce, wasan da Richard Garfield ya ƙirƙira a 1993, mai duniyarsa da kalmominsa, ya koma jan kasuwa da sunayen aro. Yaron da ya shigo ta ƙofar Spider-Man da wuya ya san ina ne Dominaria, mahaifar labaran wasan.