Wa ye baƙo a ƙasar Rano?

A ƙarni na 19, kudancin Kano bakin daga ne. Ningawa kan sauko daga duwatsunsu su kwashi mutane da dabbobi, sarakunan Kano kuma suka dogara da garuruwa masu ganuwa irin su Rano don tare su. A wancan zamani daji ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Duk wanda ya iso da fartanya ko garke, murna ake da shi, domin mutum ɗaya ƙari ne a gona, ƙari ne a kan ganuwa.

Yau lissafin ya juya. Ƙidayar 2006 ta ba Rano fiye da mutum dubu 140, Kibiya fiye da dubu 130, kuma tun daga nan Najeriya ba ta sake ƙidaya ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki sun raba ta gado har ta koma ƙananan fegi. Burtali ya shige cikin gonaki. Da ƙasa ta matse, sai ido ya koma kan wanda ya zo daga baya: Bafulatanin da ya yada zango, ɗan ci-rani daga Damagaram, iyalin da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara. Har Maguzawa, waɗanda ba wanda zai ce ya riga su zama a nan, akan yi musu kallon bare.

Ba na jin baƙo ne ya cinye gonar. Haihuwarmu ce da rabon gado, ga matasa da ba su da wata sana'a sai noma. Amma tsarinmu yana sauƙaƙa ɗora laifin a kan baƙo. Takardar shaidar asali, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa, ita ce mabuɗin aikin gwamnati da gurbin karatu, kuma ba ta tambayar shekara nawa ka zauna, sai dai ina aka haifi ubanka. Ɗan Nijar kuwa, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba shi damar shigowa, ga shi ƙasarsa ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallakar filin karkara. To, Rano da Kibiya su fara daga nan: su shata burtali, su rubuta kowane mazauni a littafin mai unguwa, su kuma yanke adadin shekarun zaman da ke mai da mutum ɗan gari.