Kafin Yara Su Hau Dutse, Uwa Ta Zauna Ta Yi Lissafi



Kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, an karya masara ana jiran tsinkar auduga, sai a ga 'yan makaranta da 'yan Islamiyya a Funtuwa da Malumfashi da Bakori suna haɗa kuɗin mota domin yawon buɗe ido. Waɗansu bakin madatsar ruwa ta Mairuwa suke nufa, waɗansu Dutsen Kufena na Zariya, masu dogon buri kuwa har Matsirga suke ambata, wato inda ruwa ke zubowa daga kan dutse kusa da Kafancan.

A nan iyaye mata kan kasu biyu. Akwai mai cewa, "Babu inda za ka," ta rufe magana. Akwai kuma mai miƙa kuɗi ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ba ta tambayi komai ba. A ganin wannan fili, dukansu biyun sun yi kuskure. Yaron da aka hana, a ɓoye zai tafi, ba guzuri ba babba a tare da shi. Wanda aka saki ba tambaya kuwa, an bar ransa a hannun sa'anninsa. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma yarinyar da ta tsaya kan Kufena ta hangi birnin Zazzau da gonakinsa shimfiɗe a ƙasa ta koyi abin da allo ba zai koya mata ba. Abin da ya kamaci uwa shi ne ta sa hannu cikin shirin tun daga farko.

Tambayar farko ita ce nisa. Daga Funtuwa a kan je Zariya a dawo da rana tsaka. Matsirga kuwa sai an wuce Zariya, an ratsa har kudancin Jihar Kaduna. Duk wanda ya ce zai kai yara can ya komo da su a yini ɗaya, to, tafiyar dare ya shirya musu. Ko dai a tanadi masauki, ko a haƙura a zaɓi wuri na kusa.

Ta biyu ita ce lafiyar hanya. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da mu. Saboda haka kada a dogara da labarin bara, ko na makon jiya. A tambayi direbobin tasha da jami'an tsaro ana gobe tafiya, a sake tambaya da safe. Idan zuciya ba ta kwanta ba a fasa, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada kuma a yi ta shelar rana da wuri a waya. In an isa, a fara gaida mai unguwa, a nemi ɗan gari ya yi jagora.

Ta uku ita ce lokaci. Da damina dutse santsi gare shi, kuma rafi kan cika farat ɗaya saboda ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa, alhali nan ko ɗigo bai sauka ba. Da hunturu hazo kan rufe gari, a sha wahalar hawa a rasa abin gani. Da bazara dutse kan yi zafi har ya gagari tafin hannu. Mafi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sai dai a kula da macizai cikin ciyawa. A tashi bayan sallar asuba, a hau da sanyin safiya, a kamo hanyar gida tun kafin la'asar.

Bakin ruwa shi ya fi ba mu tsoro. Madatsa ba kududdufin bayan gida ba ce: gefenta laka ne, zurfinta kuma ba ya nuna kansa. Bugu da ƙari, ruwan da ke kwance yakan ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini. Dokar uwa ɗaya ce: a kalla da ido, ba wanka, ba iyo, ba tsayawa bakin gaɓa ko leɓen dutse don ɗaukar hoto.

Batun guzuri kuwa namu ne. Kowane yaro ya riƙe gorar ruwansa, a ƙara jarka a mota. A yi abincin da ba ya saurin lalacewa, kamar dambu, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai da gyaɗa. A tafi da ƙullin gishiri da sukari, da bandeji. Silifas da takalmi mai tsini su zauna gida, a sa kambas. 'Yan mata su sa wando ƙarƙashin zane, hijabi kuma kada ya kai yana jan ƙasa. A rubuta sunan kowa, a ƙidaya wajen shiga mota, a ƙidaya kan dutse, a ƙidaya wajen dawowa.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin makarantu da kada su fita da 'ya'yan mutane sai da takardar yardar iyaye, kuma lalle a sa mata biyu ko uku cikin masu rakiya. Ke ma uwa, in maigida ya yarda, ɗaura ɗamara ki bi su, domin zuwa da kai ya fi aike. Da yawanmu an haife mu a gindin duwatsu, mun tsufa ba mu taɓa ganin garinmu daga sama ba.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.