Nonon Batsari da Safana: a fara gyara kiwon kafin neman takardar shaida

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a Yulin 2024, maganar madara ta dawo bakin jama'a, har da batun komawa kiwon da ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi, wanda a Turai ake sayen nononsa da tsada. Mu a wannan jarida muna ganin makiyayin Darini da na sauran ƙauyukan bakin dajin Rugu ba takardar shaidar irin wannan kiwo ce ta dame shi ba tukuna. Saniyarsa dama ciyawar daji take ci, da harawa da karan dawa, da 'ya'yan gawo idan rani ya tsananta. Abin da ya rage masa shi ne nonon kansa, don farar saniya da kyar take ba da lita 2 a yini, kuma daga Maris zuwa Mayu ƙwaryar kindirmo sai ta koma rabi.

Za a ce ai farashi mai kyau zai cike giɓin. To wa zai biya? A ƙa'idar Tarayyar Turai, makiyaya sai ta shekara 2 ana sauya ta zuwa wannan tsari, saniyar tatsa kuma wata 6, kafin a sa wa nono tambari, kuma duk tsawon lokacin mai shanu ne ke ɗaukar asarar. Mai sayen fura a kasuwar Batsari ɗanɗano take dubawa da cikar ludayi. Ko kamfani irin L&Z na Kano, mai karɓar madara daga hannun makiyaya, abin da ya fi buƙata shi ne ta iso da tsabta ba ta yi tsami ba.

Amma akwai abu biyu a tsarin da ya kamata a ɗauka yau. Na farko, tsarin ba ya hana yi wa saniya maganin sammore ko ciwon huhu, sai dai ya ninka kwanakin da za a jira kafin a sayar da nononta. A nan kuwa, sau da yawa akan yi allura da yamma a tatsa da safe, yaranmu su sha, kuma wannan ya fi komai tayar mana da hankali. Na biyu tsohuwar yarjejeniya ce tamu: shanu su kwana a gona bayan girbi, su ci kara su bar taki. Da tsadar buhun taki a yanzu, manomi ya fi kowa buƙatarta, amma satar shanu ta raba shi da makiyayi. Muna kira ga gwamnatin Katsina ta fara da tsaron makiyayar Runka, da malaman dabbobi masu zagaya rugage, da wuraren sanyaya madara masu aiki da hasken rana.