LAFIYAR JAMA'A: Gwiwar ƙarfe ta iso tsakar gida a Matankari

A ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Dogon Dutse har Tibiri, da wuya a shiga unguwa ba a tarar da dattijo ko dattijuwa da ba su tashi daga tabarma sai an kama masu hannu, suna dafa bango suna salati. A da sunan abin tsufa ko sanyin ƙashi, a shafa man shanu a yi haƙuri. Yau kuwa ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da Allah ya hore ma hali sun san akwai aikin da ake yi ma gwiwa in ta cinye, a sa ta ƙarfe. Wasu na neman aikin a Yamai, wasu a asibitin ƙashi na Dala a Kano, wasu su hau jirgi zuwa Tunis, ko Maroko, ko Masar, ko Indiya. Ɗan kasuwa ya saida shanu da buhunan wake, ma'aikaci ya yi watanni yana bin takardu daga biro zuwa biro. Lissafin kowa yana tsayawa ne ranar da mota ta sauke majinyaci ƙofar gida, alhali kuwa ranar ce ake fara aikin da ya fi tsawo, kuma babu lokotoro kusa.

Da farko ya kamata a san abin da aka yi ma ƙafar. Inda ƙashin cinya ya haɗu da ƙashin ƙwauri akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna. In ya zaizaye, ƙashi ya dinga cin ƙashi, shi ne raɗaɗin da ke hana tafiya. Lokotoro yakan tsaga gwiwar, ya yanke bakin ƙasusuwan biyu, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa roba mai tauri tsakani, sau da yawa ya liƙe da wani irin siminti. Cikin awa ɗaya zuwa biyu an gama. Aikin ba sabo ba ne: wani lokotoro ɗan Kanada, Frank Gunston, ya gwada nasa samfurin a Ingila a 1968, kuma irin wanda ya bazu a duniya ya fito daga hannun John Insall da abokan aikinsa a birnin New York wajen 1974. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Ƙarfen ke nan. Naman da aka yanka, da jijiyoyin da aka ja, da tsokar cinya wadda ta rame tun shekarun ɗingishi, su ba a canza su ba, kuma su ne ke ciwo.

A ɗauki misalin Alhaji mai fataucin wake, wanda ya dawo bayan sati biyu da aiki. Ya zauna awoyi cikin jirgi, ya sauka Yamai, ya sake zaman mota na kilomita kusan 270 zuwa Dogon Dutse, sannan aka karya arewa zuwa Matankari. Ƙafa ta kumbura kamar turmi. An shimfiɗa masa katifa ƙasa cikin ɗaki, domin nan ne wurin mara lafiya. Washegari masu dubiya sun cika zaure. Kowa ya shigo sai ya ce: “Alhaji, sannu, Allah shi ƙara sauƙi, kada ka motsa.” Uwargida ta tura matashi ƙarƙashin gwiwa domin ya ji daɗi. In ya yunƙura zai tashi, babban ɗansa ya rugo: “Baba, kwanta, me kake so a kawo maka?”

Duk wannan ƙauna ce, kuma duk yana cutar da gwiwar. Mutanen Arewa sun saba da karaya, wadda maɗori ke ɗaurewa da karare a hana ta motsi har ƙashi ya kama, shi ya sa suke auna wannan aiki da wancan ma'auni. To gwiwar ƙarfe akasin karaya take. A asibiti ana tada majinyaci ya taka ƙafar tun ranar aikin ko washegarinta. Cikin gwiwar tabo yana tsirowa kullum, kuma in ba a lanƙwasa ta ana miƙewa, tabon nan zai ɗaure ta yadda ta kwana. Matashin da aka sa ƙarƙashinta yana koya mata zama a tanƙware, har mutum ya kasa miƙe ta sarai, ya koma ɗingishi da ƙafar da aka kashe ma miliyoyin sefa. Wurin matashi ƙarƙashin diddige ne. Katifar ƙasa kuwa ita ce mafi muni, domin tashi daga ƙasa yana buƙatar lanƙwasar da gwiwar ba ta da ita tukuna. Gado mai tudu da kujera mai hannu su ne kayan jinyar nan.

Lokotoroci suna auna lanƙwasar gwiwa da digiri. Ƙafa a miƙe sifili ce. Tafiya a fili tana son wajen 60 zuwa 70, hawan matakala da tashi daga kujera suna son 90 zuwa sama. Ana so majinyaci ya kai 90 cikin makonnin farko, kuma mafi yawa sukan tsaya tsakanin 110 da 120 in an warke. Wanda ya kai sati shida zuwa wata uku gwiwa na nan a sandare, sau da yawa sai an mai da shi asibiti, a sa shi barci, a lanƙwasa ta da ƙarfi a tsinke tabon. In aka wuce wannan lokaci abin yana ƙara wuya. Watanni ukun farko ke nan ba na jira ba ne.

A manyan birane akwai ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda ake ce ma kine, shi ke tsayawa kan majinyaci. Mutumin Matankari ba zai iya sintirin Doso ko Yamai sau uku a sati da kumburarriyar ƙafa ba. Saboda haka tun kafin a bar asibiti ya kamata wanda ya raka majinyaci ya tsaya ya koyi motsin da hannunsa, ya ɗauki hotonsa a waya, ya karɓi lambar da za a kira. Motsin ba ya da yawa: danna bayan gwiwa kan gado a ɗaure tsokar cinya, ɗaga ƙafa a miƙe, jawo diddige zuwa ɗuwawu da zane ko rawani, kaɗa idon sawu sama da ƙasa, da tafiya kaɗan kaɗan da sanduna cikin tsakar gida. Ana yi sau uku ko huɗu a yini. Abin da ke da wuya shi ne a samu wanda zai iya ce ma mai gida “ƙara ja” yana ganin gumi a goshinsa. Ɗa yana jin nauyin uba, mata tana jin tausayi. Sau da yawa aboki na ƙuruciya ko abokin wasa, wanda ba ya jin kunyar tsokanarsa, ya fi kowa dacewa da wannan aiki.

Sai maganar ciwo, wadda a nan ne dattako ke yin ɓarna. Namiji Ba'are ba ya son a ji nishinsa. A tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, alhali daren jiya bai runtsa ba. Raɗaɗin makonni biyu zuwa shida na farko mai tsanani ne, ya fi tsananta da dare, kuma ba alamar aiki ya lalace ba ne. Wanda ya ƙi shan maganin da aka rubuta masa domin nuna dauriya ba zai iya lanƙwasa gwiwa ba, wanda bai lanƙwasa ba kuwa ciwonsa zai daɗe. Dabara ita ce a sha magani kan lokacinsa, musamman kamar rabin awa kafin motsi, sannan a aza ƙanƙara cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafa ta fi ƙirji tudu. Kumburi da ɗumin gwiwa suna iya kai wata uku zuwa shida, wani har shekara. Fatar gefen tabo ta waje takan mutu ba a jin taɓi, ƙarfen kuma yakan yi ƙas-ƙas in ana tafiya. Duk wannan an saba da shi. Sai dai akwai gaskiyar da ba kasafai ake faɗa ma mai biyan kuɗi ba: kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo bayan watanni. Wanda ya san haka tun farko ba zai ɗauka an yi masa sammu ba.

Ɗaya gefen kuma ya fi haɗari. In maganin asibiti ya ƙare, ga mai tallar ƙwayoyi da tirensa a bakin kasuwa. Tramol ba baƙo ba ne a ƙasar nan, an ga abin da ya yi ma samari ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi. Lokotoro yakan rubuta shi na ɗan lokaci da awo. Na kasuwa ba a san ƙarfinsa ba, yana kama jiki, yana sa jiri, kuma dattijo mai sanduna in ya faɗi ƙashin da ke riƙe da ƙarfen yana iya karyewa. Diklofenak da ibuprofen kuwa, in an daɗe ana sha, suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle ga mai hawan jini ko ciwon suga. Ko parasetamol yana da iyaka, ba a wuce giram 4 a yini, tsoho ma ƙasa da haka.

Haka nan wanzami. Ƙaho da tsaga da sakiya su ne abin da aka sani in gaɓa ta kumbura, kuma ba za a rasa gwaggo da za ta kawo shawarar ba. A kan gwiwar ƙarfe wannan haramun ne na likita. Ƙarfe ba ya da jinin da zai kare kansa. In ƙwayar cuta ta shiga ta ƙofar aska ta manne masa, allura kaɗai ba ta cika fidda ta ba, sau da yawa sai an sake tsagawa an cire ƙarfen. Ko ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo a ƙafa abin kula ne ga mai irin wannan gwiwa. Abubuwan da ba a kwana da su a gida kuwa su ne masassara tare da gwiwa mai ja da zafi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, sha-raɓa da ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya ɗauke da ciwon ƙirji. Na ƙarshen nan alamar gudan jini ne da ya tafi huhu, yana kisa. A nufi asibitin Dogon Dutse nan take, a faɗa masu aikin da aka yi da ranar da aka yi shi.

Akwai ciwon da ba na ƙafa ba, wanda majinyata suka fi jin nauyin faɗa. Waɗanda suka ƙera gwiwar nan mutanen kujera ne. Rayuwar Matankari kuwa ƙasa take: a ci tuwo ƙasa, a yi hira kan tabarma, a tsuguna a salga, a durƙusa gaban manya, a yi sujada sau da dama a yini. Tsuguno da zaman tahiya suna son lanƙwasa ta digiri 140 zuwa sama, abin da gwiwar ƙarfe ba kasafai take kaiwa ba. Maganar salga mai sauƙi ce, kafinta ko maƙeri zai huda kujera a aza bisa rami. Maganar salla ita ke sa dattijo ya yi shiru ya daina fita. Mutumin da ya shekara arba'in a sahun farko yana ganin zama kan kujera a masallaci kamar faɗuwar girma ne. Alhali malamai sun daɗe da warware wannan. Ko littafin Ahalari da yara ke karantawa a zaure ya jera halayen da ake sallar farilla a cikinsu, daga tsayuwa zuwa zama har kwanciya, gwargwadon ikon mutum. Liman da zai je dubiya ya faɗi wannan da bakinsa ya yi ma majinyaci abin da ƙwaya ba za ta yi ba. Durƙuso kan gwiwar bayan ta warke ba a san yana lalata ƙarfen ba, amma da yawa ba sa jin daɗinsa. A tambayi lokotoron da ya yi aikin kafin a gwada, kuma a fara kan abu mai laushi.

Mata sun fi maza kamuwa da zaizayar gwiwa, jinyarsu kuma ta fi gajarta, ba domin sun fi saurin warkewa ba. Hajiya takan koma kan kujerar tsuguno gaban murhu tun ƙafa ba ta shirya ba, saboda gida ba ya tafiya in ba ta. Ita matsalarta ba kwanciya ba ce, wuce gona da iri ne, sai gwiwa ta kumbura ta mai da ta baya. Nauyin jiki ma yana da hannu: kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke ma gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taki.

Ga ma'aikacin biro, komawa aiki takan yiwu bayan sati shida zuwa wata uku. Mai tsayuwa a kasuwa ko mai bin motocin kaya zuwa iyakar Najeriya ya fi haka jira. Sauƙin ba ya zuwa a jere, sati mai kyau yakan biyo da sati maras kyau, shi ya sa ya fi amfani a rubuta cikin kaye inda aka iya kaiwa kowace Juma'a: yau bakin zaure, wata Juma'ar gindin bedi, wata ƙofar masallaci. Alhajin da aka ɗauki misalinsa, in an bi da shi haka, wajen wata na uku yakan aje sanda ɗaya, jika na biye da shi da kujerar roba zuwa ƙarshen sahu. Ranar komawa ganin lokotoro da sabon hoton ƙashi tana rubuce jikin takardar sallama, kuma kuɗin motar wannan tafiya ya kamata a ware su tun ranar da aka saida shanun.