Maƙoƙo Ba Abin Rainawa Ba Ne

Jama'a sun saba ganin maƙoƙo, har wasu na ɗaukarsa tamkar halitta. Gaskiya ne galibinsa rashin sinadarin aidin ke kawo shi, dalili ke nan aka wajabta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya tun 1993. Amma akwai wanda sankara ce ke ɓoye a ciki. Alamominta su ne ƙullutu mai tauri, da saurin girma, da dishewar murya, da wuyar haɗiya.

Hikimar da likitoci suka gano ita ce, tsokar nan ta gaban wuya tana zuƙe aidin daga jini fiye da kowace gaɓa. Saboda haka sai su ba majinyaci wani aidin mai fitar da haske wanda ido ba ya gani, kana su ɗora masa na'ura ta nuna inda ya taru. Bayan an yi aiki an cire tsokar, in cutar ta riga ta tsere zuwa huhu ko ƙashi, can ma takan sha aidin ɗin, ta tona asirin kanta. In aka ƙara yawansa kuwa, sai ya ƙone ta.

Likita Saul Hertz ya fara magani da irin wannan aidin a Boston ta Amurka cikin 1941. Hal Anger ya ƙera na'urar ɗaukar hotonsa wajen 1958. Yau ana haɗa ta da hoton CT, a san ainihin gurbin cuta. A Nijeriya an buɗe sashen wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan cikin 2006, akwai kuma a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja.

To, ga abin da 'yan kasuwa za su fi kowa ganewa: wannan haja ce wadda rabin ƙarfinta ke tafiya kowane kwana 8. Ba ta ajiyuwa, ba ta jiran wanda ya makara. Mara lafiya shi zai bi ta da guzurinsa, talakan Sakkwato kuwa Ibadan ta yi masa nisa.

Lalle ne malamai su faɗakar, musamman ga mata, don su cutar ta fi kamawa. Daga Sama Road zuwa Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo ba wata tafiya ba ce, a je a duba wuya tun ƙullutu na ƙarami, gama wadda aka kama da wuri galibi tana warkewa. Attajirai kuma su ɗauki nauyin tafiyar marasa hali, su dage wa hukuma har a kawo wannan aiki kusa.