Judge ko Raleigh: Rigimar mudu a gasar besbol ta Amurka

A watan Nuwamba na shekarar 2025 ne ƙungiyar marubuta labarin wasan besbol ta Amurka ta bayyana Aaron Judge na ƙungiyar New York Yankees a matsayin ɗan wasa mafi daraja a gasar American League, karo na uku ke nan bayan na 2022 da 2024. Sai dai a wannan karon da ƙyar ya sha, domin daga cikin marubuta 30 da suka jefa ƙuri'a, 17 ne suka sa shi a sahun farko, sauran 13 kuma suka zaɓi Cal Raleigh na ƙungiyar Seattle Mariners. Da aka tattara maki, Judge ya tashi da 355, Raleigh da 335. Ma'ana, da a ce mutum biyu kacal sun sauya ra'ayi, da kunnen doki aka yi.

Mun san ba a buga wannan wasa a kasuwanninmu, kuma mai karatu na iya tambayar me ya haɗa kifi da kaska. To amma duk wanda ya taɓa zama a rumfa ana musun yadda aka yi Jay-Jay Okocha ya gama wasansa hukumar CAF ba ta taɓa ba shi gwarzon Afirka ba, alhali Samuel Eto'o ya karɓa har sau huɗu, ya san irin wannan gardama.

A taƙaice, a besbol mai jifa yakan wurgo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda, sannan ya ruga ya bi zango uku ya dawo gida, wannan shi ne ci ɗaya. Idan ƙwallon ta tsallake katangar fili, ya ci ke nan ba tare da wani ya tare shi ba, har da duk abokansa da ke tsaye a zango. Bayan mai bugu kuma akwai wani a tsugune, sanye da sulke da abin kare fuska, yana cafe duk jifar da aka yi. Wannan shi ne aikin Raleigh, kuma babu aikin da ya kai shi cin jiki a filin.

Hujjar magoya bayan Raleigh ba ƙarama ba ce. Sau 60 ya tsallakar da ƙwallo katanga a kakar 2025, alhali kafin shi babu mai aikin cafiya da ya wuce 48 da Salvador Perez ya yi a 2021. Bugu da ƙari ya karya tarihin Mickey Mantle na 54, wanda ke tsaye tun 1961, a tsakanin masu bugu da hannun dama da na hagu. Kuma da taimakonsa Seattle ta zo ta ɗaya a rukuninta, abin da rabonta da shi tun 2001. Duk wannan ya yi shi ne yana tsugunno a wasanni fiye da 100, a kowane wasa yana cafe jifa sama da 100, ƙwallo na dukansa a yatsa da gwiwa, gobe kuma ya dawo.

Shi kuwa Judge 53 ya tsallakar, wato Raleigh ya fi shi da bakwai. Amma idan aka buɗe littafin lissafi sai labari ya sha bamban. A cikin kowane zuwa 100 da Judge ya yi wurin bugu, kusan sau 46 yakan isa zango lafiya, shi kuma Raleigh sau 36. Tazarar goma cikin ɗari, kullum, har tsawon kakar da ake wasa 162 a cikinta, ba abin wasa ba ce. Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin mai yin babban ciniki ranar kasuwa da wanda ribarsa ba ta yankewa daga Asabar zuwa Juma'a.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardar zaɓen kanta ba ta fayyace abin da ake nufi da daraja ba, ta bar wa kowane marubuci ya yanke. Don haka masana lissafi suka ƙirƙiro wani ma'auni da suke kira WAR, wanda ke ƙiyasta yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa, idan aka kwatanta shi da wanda za a iya ɗaukowa a araha a maye gurbinsa. Sai ga shi mudun nasu ma biyu ne. A lissafin FanGraphs, Judge yana da kimanin 10, Raleigh kimanin 9, kusan kafaɗa da kafaɗa. A na Baseball-Reference kuwa tazarar ta haura biyu. Babban dalili shi ne na farkon yana lissafa gwanintar mai cafiya wajen karɓar ƙwallon da ta zo a gefe ta yadda alƙalin wasa zai ga kamar ta shiga daidai, na biyun kuma ba ya sa wannan a cikin awonsa. Wanda ya saba sayen gero da tiya a wannan kasuwa ya je ya sayar da mudu a waccan, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma ko mudun da ya fi yi wa Raleigh adalci bai iya auna wani ɓangaren aikinsa ba, wato zama da masu jifa, nazarin abokan hamayya, da zaɓen irin jifar da za a yi a kowane lokaci.

Idan dai ba a manta ba, an taɓa yin makamanciyar wannan rigima a 2012, amma a lokacin ɗaya ɓangaren ne ya yi rinjaye. Miguel Cabrera na Detroit Tigers ya zo na ɗaya a manyan alƙaluma ukun da aka saba dubawa, abin da ba a gani ba tun 1967, yayin da ma'aunin WAR ya nuna Mike Trout na Los Angeles Angels ya fi shi nesa ba kusa ba. Marubuta 22 cikin 28 suka zaɓi Cabrera, wasu na cewa ai shi ya kai ƙungiyarsa zagaye na gaba, duk da cewa Detroit wasa 88 ta ci, Angels kuma 89. Shekaru huɗu bayan haka, a 2016, aka ba Trout kyautar alhali ƙungiyarsa ta sha kaye fiye da yadda ta yi nasara. Wannan ya nuna yadda littafin lissafi ya riƙa kwace wa manyan lambobi fada, kuma muna kyautata zaton da marubutan 2012 ne suka yi zaɓen 2025, da Raleigh ya tafi da ita.

Akwai kuma wata tambayar da mu 'yan kasuwa za mu fara yi, wadda takardar zaɓen ba ta ko ambata ba: nawa aka zuba? Judge ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 360 na shekara tara a ƙarshen 2022, wato miliyan 40 duk shekara. Raleigh kuwa dala miliyan 105 na shekara shida ya karɓa a watan Maris na 2025. Da riba a kan jari ake dubawa, da babu wata gardama.

Duk da haka, mu a namu ganin marubuta 17 ɗin nan ba su yi zalunci ba. Kyautar ta aikin fili ce, ba ta iya ciniki ba, kuma abin da aka iya aunawa ya nuna Judge ne a gaba a duk mudun biyu. Wanda zai ba Raleigh sai ya cike gurbin da abin da ba a auna ba, kuma sayen kaya a cikin buhu a ɗaure yana da haɗari. Sai dai ba za mu ce sauran 13 ba su san abin da suke yi ba, tun da kowa ya yarda cewa akwai kaya a buhun.

Wani abin lura shi ne a watan Satumba na 2025 hukumar gasar ta amince cewa daga kakar 2026 mai bugu, ko mai jifa, ko mai cafiya, zai iya ƙalubalantar hukuncin alƙali a kan jifa, na'ura ta raba gardama, kowace ƙungiya da damar yin haka sau biyu a wasa, kuma ba ta rasa damar idan ta yi gaskiya. Wannan zai rage wa gwanintar rufe idon alƙali tasiri, wadda ita ce ta raba mudun biyu a kan Raleigh.